Littafin Ruwan Kawu

Mun karɓi hukuncin Mai kowa da komai. Kawu ya koma ga Ubangijinsa ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na zaure a Gwarzo, lokacin da gero ya fara kai gwiwa. Allah ya yi masa rahama, ya sanyaya makwancinsa.

Kwana uku ina zaune a cikin gida tare da Inna, matarsa, muna karɓar gaisuwa, amma kunnena yana waje. Katangar gidan gajeruwa ce, duk abin da maza suka faɗa a ƙofar gida sai ya faɗo mana tsakar gida. Na lura ba wanda ya tsaya dogon yabo. Sai mutum ya yi addu'a, a shafa, can kuma ya ɗauko zancen ruwa. Wani mutumin Getso ya ce akwai shekarar da kowa ya ruga shuka da ruwan farko, Malam, wato Kawu, ya ce masa ya dakata, ya dakata ana yi masa dariya, ƙarshe shi kaɗai ne a unguwarsu bai maimaita shuka ba. Wani daga Masanawa ya ce gwangwanin awon ruwan da Malam ya kafa masa yana nan a kan sanda a bayan gida, jiya ma ya auna, ya tsaya da tsinken a hannu ya rasa wanda zai faɗa wa.

A cikin gida kuwa wata tsohuwar maƙwabciya ce ta ce, "Yanzu wa za mu aika a tambaya, a yi shanya ko kada a yi?" Inna ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce ai ita ma shekara da shekaru ba ta taɓa baza kuɓewa a rana ba sai ta leƙa zaure ta ji ta bakinsa.

Ran na uku ne Yaya, babban ɗan Kawu da ke zaune a Kano, ya shigo riƙe da ƙaramar laftof ɗin mahaifinsa, ya ce tunda ba ta da wani amfani bari ya kai wa yaransa su riƙa wasa da ita. Ban san lokacin da na miƙe na fizge ta daga hannunsa ba, a gaban mata cike da tsakar gida. Na ba shi haƙuri daga baya. Zuciyata a kusa take, duk dangi sun sani, amma ranar ina da dalili. Akwai aikin da ni da Kawu muka fara a cikin na'urar nan, ba mu ƙarasa ba.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Kabo. Kakanninmu makiyaya ne, kakanmu ne ya gaji da yawo ya kafa gona, Kawu kuma ya yi boko ya zama malamin gona. Sai dai hancin makiyaya bai bar shi ba. Yana iya katse magana a tsakiya, ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ce, "An yi ruwa a wajen Durun, amma bai kai shuka ba." Idan ka bincika haka ɗin ne. Yana duban gawo idan ya fara zubar da ganye, yana ƙirga ranar da shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gari. Duk da haka bai yarda da hancinsa shi kaɗai ba, sai ya rubuta.

Tun yana saurayi a bakin aiki ya kafa gwangwanayen madara a kan sanduna a ƙauyuka, ya koya wa mutum ɗaya a kowane gari yadda ake tsoma tsinke a auna. Yana bi a kan babur yana karɓar awon. Daga baya wani shirin bunƙasa noma ya zo, suka ba shi kwamfuta irin ta kan tebur, da wata manhaja tasu da ake shigar da bayanan. Ya zauna ya kwashe duk abin da ke cikin rajistocinsa na takarda ya zuba a ciki, da yatsa biyu. Shirin ya tashi, suka bar masa kwamfutar, shi kuma bai daina ba. Rajistocin takarda gara ta cinye su a wata damina. Ya zamana ruwan fiye da shekara arba'in na ƙasarmu ba shi a ko'ina sai cikin wannan akwatin. Shi muke kira littafin ruwa.

Amma ba ruwa kaɗai ne a ciki ba. Kowace shekara tana da shafi biyu. Na farko shafin ruwa. Na biyu shafin mutane, inda masu shirin suka ce a rubuta sunan kowane manomi, da dalili idan bai yi shuka ba. A nan Kawu ya rubuta waɗanda yunwa ta sa suka ci irinsu. Wanda bai tashi a gidan noma ba ba zai gane nauyin wannan ba. Iri shi ne abu na ƙarshe da magidanci ke taɓawa. Mutum ya gwammace a ce ya sayar da rigarsa da a ce ya cinye irin baɗi, kuma abin yana bin 'ya'ya da jikoki a bakin mutane. Kawu ya ce mini, "Na rubuta ne da ƙuruciya, da son a ce na iya aiki. Sun faɗa mini don sun yarda da ni, ni kuma na mayar da su layi." Abin da yake so kafin ya mutu guda ɗaya ne: ya bar wa mutane shafin ruwa, ya tafi da shafin mutane.

Ya yi ta jinkiri, kamar yadda muke yi duka, har ranar da tsohuwar kwamfutar ta yi wani ƙauri ta mutu. Lokacin idonsa ya riga ya fara dushewa, ƙafa ma ta fara kumbura. Ya aika aka kira ni. Na buɗe ta na ga allon cikinta ya ƙone, amma faifan ajiyar, wanda Kawu ke kira rumbu, lafiyarsa ƙalau. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin yini ɗaya ne. Allah ya yafe mini wannan cika bakin.

Matsalar ita ce manhajar shirin nan ba ta tashi sai a kan tsohon tsarin da aka daina yayinsa tun ina firamare. Sabbin kwamfutoci ba su san shi ba. Dabarar da muke yi a irin wannan hali ita ce a gina kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaske, kamar a ware ɗaki a cikin gida a sauki baƙo. Tsohon tsarin sai ya zauna a ɗakin yana zaton a gidansu yake. Kwamfutar da ke gidan kuwa ita ce ƙaramar laftof ɗin nan ta hannu da Yaya ya taɓa kawo masa don sauraren karatu. Na jona mata rumbun, na sauke manhajar gina ɗakin, na ɗora mata. Ta hau lafiya lau, har na fara yi wa kaina kirari. Ina danna ta tashi sai ta turo wani ɗan akwati mai jan tambari.

Kawu ya ce, "Me ta ce, Uwata?"

Na ce, "Ta ce ba za ta iya ba."

"Ba za ta iya ba ta ce, ko ba ta so?"

"Kawu, ƙarfe ne fa da roba."

"Fassara mini dai yadda ta faɗa."

Na fassara masa: ƙwaƙwalwar wannan na'ura ba ta da abin da ake buƙata. Na yi masa bayani cewa masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suna barin wata ƙofa ta musamman don wannan aikin, wasu a buɗe, wasu a rufe sai an je an buɗe. Ya gyaɗa kai ya ce to a je a buɗe. Na shiga shafin saiti na can ciki, wanda ake kamawa kafin kwamfuta ta gama farkawa, mu masu sana'ar muna ce masa bayos. Sai ka danna maɓalli a daidai ƙiftawar ido, in ka kuskure ka sake kashewa ka kunna. Sau biyar ina kuskurewa, Kawu yana jin tsakina yana ƙyalƙyala dariya. Da na shiga, na bi shafin layi layi, sama da ƙasa, na koma na sake. Ba a rufe ƙofar take ba. Babu ita kwata-kwata.

Ya ce, "To kin gani, ba ƙi ta yi ba. Ba a gina mata ba ne. Kada ki ƙara zaginta."

Daga nan duk Juma'a idan an tashi daga makaranta sai in hau mota daga Kabo zuwa Gwarzo, in kwana biyu. Bazara ce. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin hanyar nan: gonaki an share su fes, tarin taki nan da can kamar an ajiye huluna, hayaƙin kara yana tashi a miƙe don babu iska, sararin sama fari fat. Ina tafe ina lissafin abin da zan gwada. Na gwada tsohon samfurin manhajar, wanda aka ce ba ya neman ƙofar nan. Ya hau, ya ba ni baƙin allo, muka zauna muna kallon fuskokinmu a ciki. Na gwada wanda ya fi shi tsufa, laftof ɗin ta ce ba ta san shi ba, ba za ta karɓe shi ba. Na ce ko ƙarancin wurin tunani ne, na aro ƙarin memori wurin wani mai gyara a Kabo, na zo na tarar bakinsa bai dace da ramin ba. Na nemi sabon bayos daga masu ƙerawa, na ga sun manta sun taɓa yin wannan na'urar. Kowane mako ƙafar Kawu tana ƙara kumbura, numfashinsa yana ƙara gajarta.

Na ce masa, "Kawu, don Allah ka bar ni in tafi da rumbun nan. Akwai manyan kwamfutoci a makarantarmu, kafin a sha shayi na buɗe shi."

Ya ce, "Na makaranta ne, ba naki ba. Wa ke zama a kansu ran Litinin?"

"To in aro ta wata ƙawata in kawo nan."

"Ta koma gida da me a cikinta? Ke da kanki kika gaya mini abin da aka goge a kwamfuta ba lallai ya tafi ba. Abin da aka faɗa mini a zauren nan, a zauren nan zai ƙare."

Raina ya ɓaci. Wata Asabar bayan azahar ya kishingiɗa, na ga kamar barci ya ɗauke shi. Na zaro ɗan filas daga jakata na soka, na fara kwafe rumbun gaba ɗaya. Niyyata in buɗe a Kabo, in yi aikin, in kawo masa a gama. Ban san kunnensa ya karɓi aikin idonsa ba. Ido a rufe ya ce, "Rumbun nan ya daɗe yana kuka yau. Me kike ɗiba?"

Maimakon in ji kunya sai na hau faɗa. Na ce mutuwa yake yi yana taurin kai, na ce in ya tafi ba a buɗe ba Yaya zai kai rumbun kasuwa wani ya buɗe ya karanta komai, na ce ni ce nake ƙona kuɗin mota da ƙarfina a kan na'urar da ko kyauta ba wanda zai karɓa. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci abincin da na kai masa ba, sai da Inna ta karɓa ta kai da kanta.

Washegari da safe na durƙusa na gaishe shi, na ajiye filas ɗin a tafin hannunsa. Ya jujjuya shi da yatsu, ya ce, "Ɗan wannan abin ne ya ɗauke mutum ɗari da ɗari?" Ya kira Inna ya ce ta sa a turmi. Inna ba ta tambayi dalili ba. Ta jefa shi a ƙaramin turmin dakan yaji, ta ba shi taɓarya uku, ta kawo masa garin a murfin kwano ya taɓa. Sannan ya ce mini, "Uwata, na san don ni kika yi. Zauna mu ci gaba." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Mafita ta zo ne ta hanyar da na raina. Akwai wata irin manhaja da ba ta neman ƙofa. Ita kwaikwayon tsohuwar kwamfuta take yi ɗungurungum, kowane motsi sai ta fassara wa ƙwaƙwalwar da ke ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe da saninta, na ƙi ta ne saboda jinkirinta, wanda a kan na'ura mai rauni irin ta Kawu ya wuce misali. Da na rasa yadda zan yi na ɗora ta. Na kunna bayan la'asar. Baƙin allo. Na kai hannu zan kashe, Kawu ya ce, "Ki bar ta ta yi tunani." Muka zauna. Inuwar darbejiyar ƙofar gida ta taso daga bakin zaure ta hau tabarma, ta hau ƙafafunsa. Awaki suka dawo daga kiwo. Can sai ga wasu fararen haruffa suna fitowa ɗaya ɗaya a kusurwar allon, sannan ƙarar nan ta tsohuwar kwamfutarsa, ƙit, daga bakin wata na'urar daban. Kawu ya tashi zaune ba tare da an kama shi ba.

Saura ƙiris, manhajar shirin ta ƙi buɗewa. Wai wa'adinta ya wuce. Tsohuwar kwamfutar ashe agogonta ya daɗe da tsayawa, shi ya sa ba ta taɓa sanin shekaru sun tafi ba. Dole na mayar da agogon kwamfutar ƙaryar baya, na yi ta ja har ta yarda. Na faɗa wa Kawu shekarar da na tsaya. Ya ce, "A cikin tagar nan ke nan mahaifiyata tana da rai. Tana can tsakar gida tana kaɗa nono." Ya miƙa hannu ya shafa gefen allon a hankali. Ni ma sai na ji kamar in na leƙa sosai zan hango ta, matar da na ci sunanta ban taɓa ganinta ba.

Idonsa ba ya iya karatu, ni kuma bai yarda in gani ba. Sai ya cire hiraminsa daga kafaɗa ya ce in lulluɓe allon. Manhajar ba ta aiki da linzamin kwamfuta, komai da maɓallai ake bi, kuma yatsunsa sun haddace hanyar. Yana faɗa ina dannawa. "Na uku a sama. Sauka biyu. Shiga. Rubuta shekarar. Sauka ɗaya. Yanzu goge. Za ta tambaye ki ko kin tabbata, ki ce mata e." Sai mu jira. Goge shafin mutane na shekara ɗaya yana cin lokacin da za a dafa shinkafa a sauke. Batirin solar gidan kuma ba ya ɗaukar fiye da shekara biyu ko uku a zama ɗaya. Idan ta gama sai ta yi ƙara, in ɗaga hiramin in tabbatar shafin ruwa yana nan, na mutane ya zama fari.

Waɗannan lokutan jira su ne abin da na fi riƙewa daga Kawu. Hasken allon yana ratso saƙar hiramin, shuɗi-shuɗi, shi kuma ya jingina da bango ido a rufe yana ba ni labarin ruwan shekarar da ake gogewa. Ga shekarar da hadari ya riƙa haɗuwa kullum ta gabas, ya yi baƙi har kaji su shiga akurki, sannan iska ta kwashe shi ta kai wa mutanen Katsina. Ga shekarar da aka yi ruwa da rana tsaka a Getso, rabin kasuwa ya jiƙe rabi a bushe, mutane suna tsaye a kan iyakar suna miƙa hannu. Ga wadda kwaɗi suka yi ta kuka kwana bakwai kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Wani lokaci muryarsa takan yi ƙasa har in rasa ko da ni yake ko da wasu. Ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a zauren alhali ko gajimare babu a sama. Sunan mutum kuwa ko ɗaya bai taɓa suɓuce masa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, na so in leƙa. Mahaifina manomi ne a Masanawa, ya rasu ina ƙarama, kuma na san mun sha wuya. Wata rana na ce, "Kawu, babana yana ciki?" Ya ce, "Mahaifinki mutum ne mai noma." Na jira ƙari, bai ƙara ba. Na ji haushi a lokacin. Yanzu na gode masa.

Daga shekarun kusa muka fara muna komawa baya, amma akwai guda uku da yake tsallakewa, na babban farin da aka yi tun kafin a haife ni. Kullum sai ya ce a bar su tukuna, bai shirya ba. Ana haka damina ta sauka. Ya sa aka fitar da shi bakin zaure ya tara hannu, ya ce wannan na shuka ne, a gaya wa mutane. Makonnin da suka biyo baya jikinsa ya yi ta nauyi. Zuwana na ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, saura uku. Kin san maɓallan." Na ce sai dai mu yi tare ran Juma'a. Ran Laraba aka kira ni a makaranta.

Bayan addu'ar bakwai, da gida ya yi sauƙin mutane, na shiga zauren da hantsi na kunna laftof ɗin, na lulluɓe ta da hiraminsa. Na goge shekara biyu ina kuka. Ina shirin ta ƙarshe sai na ji sallama. Wani dattijo ne, siriri, da sanda da takalmin roba duk taɓo. Ya ce daga Durun yake, ya zo gaisuwa tun ran farko amma bai samu ganina ba. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya yi wa Kawu addu'a mai tsawo. Sannan ya dubi abin da ke lulluɓe.

Ya ce, "'Yata, labari ya iso mana cewa Malam yana share sunaye. An gama?"

Na ce, "Saura shekara ɗaya, Baba."

"Ta tsakiyar farin?"

"Ita."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ina ciki. A gabana ya rubuta." Ya ce a shekarar matarsa ta haihu, babu komai a rumbu, ya riƙa ɗibar iri da tafin hannu yana cewa gobe ba zai ƙara ba, har ya ga gindin tukunya. Da ruwan shuka ya sauka kowa ya fita, shi ya zauna a ɗaki da rana tsaka don kada a gan shi hannu wofi. Kwana biyu bayan nan ya je gonar don ya dube ta kawai, sai ya tarar da ƙullin gero a gindin marken da ke tsakiya, iri mai kyau, zaɓaɓɓe. Ya ce, "Shekara nawa ina tambayar Malam wa ya ajiye. Da na ɗauko maganar sai ya ce ya ruwa a wajenku. Na tsufa, 'yata. Ina so in san wanda zan riƙa ambata a addu'a kafin ki share."

Na rasa abin yi. Kawu bai yarda a karanta ba. Amma sirrin na wannan bawan Allah ne, kuma ga shi zaune da bakinsa yana nema. Na tuna manhajar tana iya fito da layin mutum ɗaya idan an ba ta lambar gonarsa. Na tambaye shi ko ya san tasa. Ya faɗe ta ba tare da tunani ba. Na shigar da ita a ƙarƙashin hiramin, muka jira. Da ta yi ƙara na ɗaga gefen ƙyallen kaɗan. Layi ɗaya ne a allon, na karanta masa: sunansa, da garinsu, sannan, "Ya ci iri. Matarsa ta haihu, namiji. An kai masa. Ya shuka a makare. Gero ya yi kyau."

Ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Babu wani abu a ƙasa?"

"Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, share." Na saki hiramin, na bi maɓallan yadda aka koya mini. Ta tambaya ko na tabbata, na ce mata e. Dattijon bai tashi ba sai da ta yi ƙarar gamawa, na duba na ga shafin ruwa yana nan, ɗayan kuma fari.

Na raka shi bakin zaure. Yana sa takalmi na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka sha hanya ba ka samu abin da ka zo nema ba."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya ciko. Ya ce, "Na samu, 'yata. Malam ko ruwan sha ka ba shi a hanya sai ya rubuta sunanka. Da wani ne ya kai, da sunansa yana nan."

Ya gyara sandarsa, ya kama hanyar tasha yana motsa baki.